Shekarar da Na Ɗauke Iro Daga Gidan Inna

Na san kun sha jin maganar nan a bakin dangi, a wurin suna ko biki, lokacin da aka zaci hankalinku ba ya wurin: wai uwarku ce ta shiga gidan mahaifiyarta ta ɗauke jika da ƙarfin boko. Ba ku taɓa tambayata ba, don na hore ku da kawaici, amma ina ganin tambayar a idonku duk sanda aka ambaci Gumel. To yau ku ji daga bakin mai ita. Ɗauka dai na ɗauka, ban musa ba. Amma da rana tsaka na yi, ta ƙofar gida na fita, kuma sai da na durƙusa na faɗa wa Inna tukuna.

Ranar da jami'a ta yi mini walimar ajiye aiki kuna wurin, kun ji yadda aka yi ta lissafa rubuce-rubucena da ɗaliban da suka bi ta hannuna, har wani abokin aiki ya ce bincikena ya sauya yadda ake ciyar da yara a ƙauyukanmu. Na gode masa, amma ya ƙara gishiri. Abin da na yi rayuwata ina faɗa bai wuce magana guda ba, kuma ba ni na fara faɗarta ba, masana a wasu ƙasashe sun riga ni: yaron da aka yaye a zuba masa abincinsa a ɗan kwanonsa, babba ya zauna kusa da shi har ya gama. Iyakarta ke nan. Nawa aikin shi ne na ga dalilinta da idona a ƙasarmu, sannan na nace wa ma'aikatan lafiya na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar har suka ɗauke ta suna faɗa wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Yau in kuka shiga ƙauye kuka ga ɗan yaye rungume da 'yar samirarsa, ba wanda zai ce muku da hannun Dije a ciki, kuma hakan ya fi mini.

Tambayar da ta fito da ni daga Kano a waccan shekarar ita ce: me ya sa ake samun yaro mai tamowa a gidan da ba a rasa abinci ba? Tamowar gidan talaka kowa ya san dalilinta. Amma ga gida rumbu cike da gero, ga wake, ga riɗi, ga awaki a turke, sannan ga yaro duk ya lalace. Da farko tambaya na dinga yi, ban samu komai ba. Ka tambayi macen ƙauye me ɗanta ya ci yau, ta ce maka ya ci, alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Sai na ce bari in riƙa zama da su lokacin cin abinci in gani da kaina. Kai, nan ma na sha fama! Da sun hango motarmu sai a kama zakara, a ɗora shinkafa, a shimfiɗa sabuwar tabarma, baƙuwa ta zo daga birni. Na ci kajin mutanen Gagarawa har kunya ta kama ni, kuma ban ga abin da na zo gani ba. Dabarar da na yi ita ce naci. Na dinga zuwa ba sanarwa, yau ina nan gobe ina nan, har suka gaji da ni. Ranar da wata mata a wani ƙauyen Sule Tankarkar ta miƙo mini taɓarya ta ce in taya ta daka tunda ba ni da aikin yi, na san aikina ya fara.

Ga abin da na gani, gida bayan gida. A kwashe tuwo, a jera malmala a babban kwano, a kwarara miya, a kira yara. Su kewaye shi gaba ɗaya, tun daga mai zuwa gona har wanda aka cire daga nono jiya. Tuwon yana tururi. Manyan hannunsu ya saba da zafi, sai kai loma suke yi. Ƙaramin ya miƙa hannu, ya ji zafi, ya janye, ya tsaya yana hura yatsu yana jiran ya huce. Kafin ya huce miya ta ƙare, tuwon ma saura ɗan abin da ya manne a gefe. Ya lashi abin da ya samu, ya bi yayyensa wasa. Uwa ta zo ta ga kwano fes, ta yi hamdala, yara sun ci sun ƙoshi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa ya yi abin da ya dace, amma yaro yana ramewa a gaban idon kowa.

Duk tsawon aikin a gidanmu na Gumel nake sauka, wurin Inna. Ku da tsufanta kuka san ta, ba ku ga ƙarfinta ba. Baffa, mahaifinmu, ya rasu ya bar mata gida da rufin asiri daga fataucin riɗi da zoɓo, ita kuma ta mai da gidan wurin cin abincin unguwa. Tukunyarta ba ta sauka ba a kai wa maƙwabta ba. Jikoki da 'ya'yan riƙo cike da tsakar gida, kuma dokarta guda ce: yara kwano ɗaya. Dokar nan tana da tushe. Tana yarinya ta ga yadda baffanninta suka raba gandu, kowa ya kafa murhunsa, 'ya'yan mai hali suna cin nama 'ya'yan maras hali suna kallo, har zumunci ya mutu a gidan. Ta yi rantsuwa ba za a yi haka a nata ba. A wurin Inna yaron da ya saba ci shi kaɗai marowaci zai zama, wanda bai san ɗan'uwa ba. Ni ma a kwanon nan na tashi, kuma har gobe ina ganin alherinsa a tsakaninmu.

Ana cikin haka aka kawo Iro. Ɗan farin ƙanena Habu ne, wanda ke tuƙa babbar mota daga Maigatari zuwa Damagaram. Matarsa Rabi ta samu ciki yaron bai isa yaye ba, aka cire shi daga nono rana ɗaya, aka kawo wa kaka kamar yadda aka saba. Ya zo ɓul-ɓul da shi, ga surutu, ga ƙiriniya. Inna ta rungume shi tana tsokana, wai ga angonta ya iso ba ko lefe. Washegari aka zaunar da shi a bakin kwano cikin yayyensa, ni kuma ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon abin da na yini ina kallo a gidajen mutane. Ya miƙa hannu, ya janye, ya hura yatsu. Na bari sai da muka keɓe, na kawo maganar a hankali.

"Inna, da za a riƙa zuba wa Iro nasa daban, ya ci a tsanake."

"Daban? Kuturu ne shi?"

"Ba haka ba ne. Tuwon na yi masa zafi, kafin ya huce manya sun cinye."

"Ke Dije, a wane kwano kika ci kika girma har kika je jami'ar? Duk wanda ya zauna a bakin kwanon nan da rabonsa ya zauna. Ki kai karatunki ƙauye, nan gidana ne."

Ban ja ba, don ba a ja da Inna. Na sayo 'yar samira a kasuwa, na riƙa shigar da shi ɗakina da safe ina ba shi kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai. Amma ni ba mazauniya ba ce, wani lokaci in na fita sai in kwana biyu a ƙauye. Da na dawo daga wata fita na nemi samirar na rasa. Can na hango ta a gefen tabarmar Inna, an wanke ta tas an zuba goro a ciki. Na roƙi 'yan matan gidan su riƙa ɗebar masa a ɓoye, suka ce to, amma wa zai karya dokar Inna don ni da ke zuwa in tafi?

Da damina ta yi nisa aiki ya riƙe ni a ƙauyukan Gagarawa fiye da yadda na yi niyya, hanya ta ɓaci. Ranar da na dawo da hantsi na tarar da Iro zaune a gindin turmi, shiru, ba ya ko korar ƙuda. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kumatu sun cika, ƙafafu sun yi nauyi. Inna ta tare ni da fara'a.

"To malamar abinci, ga angona nan. Da ya rame don kewar nono, yanzu dubi yadda ya murmure. Kin ga kumatu?"

Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, murna take yi. Na durƙusa na kama ƙafarsa, na danna bayanta da babban yatsa, na ɗaga. Ramin ya zauna, bai taso ba. Na nuna mata, na ce Inna wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kumburin tamowa ne, kuma in ya kai haka kwano daban ma ba ya magani, sai asibiti. Nan fuskarta ta sauya. A lokacin akwai wani ɗaki a asibiti da ake kwantar da irin waɗannan yara, mutanen gari suna ce masa ɗakin 'yan yunwa. Ta ce jikanta ba zai kwanta a can ba tana raye. Ta ce ta karɓo rubutu, ta jiƙa sassaƙe, a bar mata yaronta.

Ban tsaya cin abinci ba, na hau mota zuwa Maigatari, don yaro yana da iyaye. Ranar kasuwa ce, garin ya cika da shanu da raƙuma da manyan motoci, da ƙyar na kutsa zuwa gidan Habu. Na tarar ya tsallaka iyaka da kaya, ba a san ranar dawowarsa ba, kuma a lokacin babu wayar hannu. Sai Rabi, da tsohon ciki. Ku 'yan yanzu ba za ku gane irin kunyar ɗan fari ta wancan zamani ba. Rabi ba ta kiran sunan Iro, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban dangin miji, in ana maganarsa ma tashi take yi. Na zayyana mata komai, kanta a sunkuye, tana ta murza bakin zane. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi Inna, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake shi. Na tashi raina a ɓace. Sai da na kai zaure na ji an riƙe mini gyale ta baya.

"Yaya," in ji ta, "yaron nan na Inna. Duk abin da kika ga ya dace, ki yi. Kada ki ce ni na ce."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da ba ta duniya, Allah ya jiƙanta. Shi ya sa duk laifin ya tsaya a kaina ni kaɗai, kuma ban yi baƙin ciki da hakan ba.

Kafin la'asar na dawo Gumel. Inna tana zaune a inuwa tana tsintar wake a faifai. Na cire takalmi, na durƙusa a gabanta.

"Inna, zan kai Iro asibiti. Ban so in fita da shi ba ki sani ba."

"In kin fita da shi, kin tsaya a tsakiyar Gumel kin ce na bar jikana da yunwa. Ni da nake ciyar da unguwa."

"In na bar shi, Inna, ina tsoron ba zai kai kaka ba."

"Ke ce ke rayawa?"

"A'a, Allah ne. Amma ya nuna mini, kuma zai tambaye ni."

Ta dube ni. Sannan ta mai da kanta kan faifai ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba ta ce tafi ba, ba ta ce kar ki tafi ba. Na ɗauki Iro na goya shi, na ratsa tsakar gida kowa na kallo. Ban taɓa saɓa wa Inna ido da ido ba sai ranar.

Zaman asibitin ba zan ja muku shi ba. Madara ta musamman ake ba shi kaɗan-kaɗan, da cokali, don cikinsa ba zai ɗauki abinci da yawa ba. Da kumburin ya saɓe sai ainihin yaron ya fito, ƙashi da fata, ni kaina da na san haka za a yi sai da na tsorata. Habu ya dawo daga tafiya ya zo da faɗa, an riga an cika masa kunne a gida. Ya shigo yana cewa Yaya wane irin abin kunya ne wannan, idonsa ya sauka a kan ɗansa, maganar ta tsaya. Ya zauna a ƙasa dirshan ya rufe fuska da hula. Inna ba ta taka asibitin ba ko sau ɗaya, amma kullum sai an kawo mini langa daga gida, ba gaisuwa, ba saƙo. Ranar da Iro ya fizge cokali daga hannuna ya yi mini tsiwa, na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata.

Abin da Inna ta ji tsoro kuwa ya faru, har ya fi yadda ta zata. Matan da ke jinya a ɗakin daga ƙauyuka suke, wasu ma daga tsallaken iyaka, kuma da yawa sun san gidanmu. Aka sallame su suka koma da labari. Ni ban taɓa ba da labarin Iro a wurin aiki ba, amma duk ƙauyen da na shiga bayan nan sai in tarar ya riga ni. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: labarin ne ya buɗe mini ƙofa. Da, in na ce a raba wa ɗan yaye kwano, sai mace ta ji kamar na ce mata matsiyaciya ko maras kula. Yanzu sai su ce, ashe har gidan su Malama, gidan da ake rabon tuwo, abin ya shiga? To ba talauci ba ne, ba kuma sakaci ba ne. Suka saurara. Ma'aikatan lafiya suka ga mata na karɓa, suka ɗauka. Duk abin da aka yaba mini a walimar nan, a kan sunan Inna ya hau ya yi tafiya, kuma ta san da haka, don masu kai mata gulma ba su huta ba.

Da aka sallame mu ban mai da shi gida ba, na wuce da shi Kano. Babanku, Allah ya saka masa, cewa kawai ya yi a ƙara shimfiɗa. Manyanku za su tuna wani ɗan yaro mai kwashe muku takalma yana ɓoyewa a bayan randa, to shi ne. Ya zauna da mu har gashinsa ya koma baƙi, ƙafarsa ta yi ƙwari, ya koma ƙiriniyarsa. Bayan an gama girbi na ce lokaci ya yi, amanar mutane ce, in mayar.

Muka shiga gidan da azahar. Iro ya saki hannuna ya ruga tsakar gida kamar jiya ya bar ta. Inna ta kama shi, ta ɗaga, ta juya shi gaba da baya, ta kama ƙafarsa ta danna da yatsa kamar yadda ta ga na yi. Naman ya taso. Idonta ya ciko, ta share da gefen mayafi.

"Ashe kana nan, ango. Ka tafi yawon duniya ka bar ni da zawarci."

Na gaishe ta, ta amsa da sakin fuska, ta tambayi babanku, ta tambaye ku. Na ce a raina shi ke nan, ta huce. Aka kwashe tuwo, aka kai wa yara babban kwanonsu, aka kawo wa Inna akushinta. Tun ina budurwa, in dai ina gidan, ni da ita muke ci a akushin nan, tana turo mini nama gabana tana cewa karatu na tsotse mutum. Na wanke hannu na matso kamar kullum. Ba ta dube ni ba, ta ɗaga murya ta kira mai rabon abinci.

"A zuba wa Malama nata daban. Ita ta san amfaninsa."

Sannan ta miƙa hannu ta jawo Iro daga cikin yara, ta zaunar da shi a gefenta, daidai inda nake zama. Ta gutsuri tuwo, ta hura, ta dangwali miya, ta sa masa a baki, ta jira ya haɗiye. Aka ajiye mini langata a can gefen tabarma. Na ci ina kallonsu, hawaye na sauka, kuma ban san ko na murna ne ko na baƙin ciki ba, don duka biyun suna nan.

Daga ranar duk ɗan yayen da aka kawo gidan a gefen Inna yake ci har ya yi wayo, ba a sake yin tamowa a gidanmu ba. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ta ci gaba da sa mini albarka, tana aiko mini da daddawa da kuka har Kano, in na yi rashin lafiya ta hana kanta barci. Amma wurina a bakin akushi ta ba wa Iro, kuma ba ta mayar mini da shi ba har ta koma ga Allah.